Horar da Ƙwaƙwalwa da Ginin Juriya a Ƙasar Mirriya: Hadda, Haƙuri da Kwana Dubu na Farko

Tsakure

Maƙalar nan ta ɗauki iƙirarin da ya bazu a 'yan shekarun nan, cewa juriya da walwala abubuwa ne da ake koyo ta hanyar maimaici kamar yadda ake koyon saƙa ko karatu, ta auna shi da halin da ake ciki a ƙasar Mirriya ta jihar Damagaram, a Jamhuriyar Nijar. Matsayin da ta tsaya a kai shi ne ƙwaƙwalwa tana horuwa da gaske, sai dai ba ta ƙwarewa sai a kan ainihin abin da aka biya mata, kuma horon yakan kama ne idan ya biyo ta hannun mutanen da ke kewaye da mai koyo, a lokacin da yunwa da fargaba ba su cinye masa hankali ba.

Gabatarwa

Mirriya tana kimanin kilomita 18 gabas da birnin Zinder, a kan babbar hanyar da ta nufi Gure da Difa, kuma tun kafin Damagaram ta ƙasaita tana cikin sarautun Sosebaki tare da Dungas da Waca, waɗanda suka yi zamani suna bin Borno kafin sarakunan Damagaram su jawo su ƙarƙashin ikonsu a ƙarni na 19. An san garin da lambuna da ginin tukwane, amma mafi yawan mutanen gundumar manoman hatsi ne da suka dogara da damina guda wadda ba ta cika wuce wata huɗu ba, ruwanta kuma yana kai-komo a wajen milimita 400 a shekara. Tarihin yankin yana ɗauke da yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba, da farin 1973 da 1974, da na 1984 wanda ake tunawa da shi da sunan El-Buhari domin ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya a zamanin mulkin Buhari, sai kuma ƙarancin cimaka na 2005 da ya biyo bayan ƙamfar ruwa da farin ɗango na shekarar da ta gabace shi. Saboda haka duk wanda ya zo wa irin wannan al'umma da darasin juriya, ya dace ya fara tambayar abin da darasin nasa zai ƙara a kan wanda aka riga aka gada.

Kalmomin da ake amfani da su a wannan fage suna buƙatar rarrabewa, domin Hausa ba ta haɗa su a kwando ɗaya ba. Dauriya ita ce cije haƙori a lokacin da abu yake ciwo, haƙuri kuwa hali ne da ake yabon mutum da shi, wanda ya ƙunshi jira da kame baki da sallama wa ƙaddara, ita kuma lafiya, kamar yadda Lewis Wall ya nuna a littafinsa na 1988 kan magungunan Hausawa, ta wuce rashin ciwo ta game daidaituwar jiki da gida da gari baki ɗaya, shi ya sa ake tambayar lafiyar hanya da ta kasuwa. Juriyar da masana ƙwaƙwalwa suke nufi ta fi waɗannan ƙunci: Richard Davidson na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya bayyana ta da saurin farfaɗowa bayan masifa, wato tsawon lokacin da jiki da hankali ke ɗauka kafin su koma yadda suke. A wannan ma'auni ba a tambayar ko mutum ya girgiza, tunda kowa na girgiza. Kwana nawa ya yi kafin barcinsa da cin abincinsa da sana'arsa su dawo, shi ne abin tambaya.

Yadda ƙwaƙwalwa take horuwa

Ƙwaƙwalwar baligi tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace ƙwaya kuma tana sadarwa da dubban 'yan'uwanta ta wasu ƙananan mahaɗai inda saƙo ke tsallakawa daga wannan zuwa waccan. A 1949 Donald Hebb na ƙasar Kanada ya kawo ra'ayin cewa idan ƙwaya ta yawaita tayar da wata, mahaɗar da ke tsakaninsu takan ƙara ƙarfi har saƙon ya riƙa wucewa da sauƙi, kuma wannan sauyawa gwargwadon amfani ita za a kira tanƙwaruwar ƙwaƙwalwa a nan. Aikin yana da ƙari yana da ragi, domin ƙwaƙwalwar yaro takan tsiro da mahaɗai fiye da buƙata, daga baya ta zubar da waɗanda ba a bi ta kansu. Manomin Mirriya ko Magarya ko Matamaye ba zai sha wahalar gane wannan ba, tunda haka yake yi da tohon gawo a gonarsa tun da sabon salon sassabe ya bazu a tsakiyar shekarun 1980: yakan zaɓi reshe ɗaya ko biyu mafiya ƙarfi a kan kututture ya sare sauran, kuma da wannan ragin ne itatuwa suka koma rufe gonakin gundumomin uku.

Karin maganar da ke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ya faɗi gaskiya, amma bai faɗe ta duka ba. A shekarar 2000 Eleanor Maguire ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin tasi na Landan, waɗanda a lokacin sai sun haddace tituna kimanin 25,000 kafin a ba su lasisi, ta tarar da ɓangaren baya na hifokamfas, wato sashen da ke riƙe taswirar wuri da sabbin abubuwan tunawa, ya fi na sauran mutane girma. A 2011 ita da Katherine Woollett suka wallafa sakamakon bin masu koyon aikin na tsawon shekaru, inda ya bayyana cewa girman ya samu ne ga waɗanda suka ci jarrabawar, bai samu ga waɗanda suka faɗi ko suka bari ba. Abin lura a nan, wanda masu tallar horon ƙwaƙwalwa ba su cika ambata ba, shi ne ƙwararrun direbobin sun gaza sauran mutane a wani gwaji na tuna sarƙaƙƙen zane. Ƙwarewar ta zo da farashinta.

Dangane da damuwa, sassa uku ne suka fi shiga lissafi. Amigdala, wata 'yar curi mai siffar ƙwallon ɗan itace da ke can cikin ƙwaƙwalwa, ita ce ke saurin shaida haɗari ta tayar da jiki, daga nan a saki sinadarin kotisol wanda ke tara ƙarfi domin gudu ko faɗa. Sashen goshi kuwa shi ne ke auna lamarin ya sassauta wannan tashin idan haɗarin ya wuce. Hifokamfas kuma yana taimakawa wajen tsayar da kwararar kotisol ɗin. Bruce McEwen ya nuna cewa idan tashin ya zama na kullum, ba tare da hutu a tsakani ba, sassan da ke birki su ne suke raunana, mai ƙararrawar kuma ta ƙara kaifi. Horon juriya, a taƙaice, ƙoƙari ne na ƙarfafa birkin.

Shaidar da ake da ita kan yiwuwar hakan gauraye take. Davidson da abokan aikinsa sun samu bambanci bayyananne a 2004 cikin motsin lantarkin ƙwaƙwalwar masu ibadar addinin Buda na Tibet da suka shafe dubban sa'o'i suna zaman tattara hankali, kuma a 2013 ɗakin bincikensa ya nuna cewa horon tausayi na rabin sa'a kullum har mako biyu ya ƙara wa mahalarta kyauta a wani gwaji na rabon kuɗi. Amma ɗakin binciken nan dai ya wallafa a 2022 cewa kwas ɗin tattara hankali na mako takwas, wanda aka daɗe ana cewa yana sauya ginin ƙwaƙwalwa, bai nuna wani sauyin gini ba da aka gwada shi a kan mutum sama da 200, kuma a shekarar ce wani babban gwaji a makarantun Birtaniya, mai ɗalibai fiye da 8,000, ya gano darasin tattara hankali bai fi koyarwar da aka saba ba wajen kare lafiyar tunanin yara.

Allo da iyakar horo

Ƙasar Damagaram, kasancewarta tsakanin Borno da ƙasar Hausa, ta gaji tsarin horon ƙwaƙwalwa mafi tsanani da yankin ya sani, wato haddar Alƙur'ani a tsangaya. Almajiri yakan tashi daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, kaɗan daga ciki su kai matsayin alaramma ko gwani, kuma cikar abin a wannan al'ada ita ce mutum ya rubuta izu sittin da ka, da wasulla da alamomin ruwayar Warshu, ba tare da duba wani kwafi ba. Idan aka dubi tsarin da idon mai nazarin koyo, za a ga ya riga kimiyya zuwa wasu wurare. Hermann Ebbinghaus ya nuna a 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko, kuma maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya. Roediger da Karpicke kuma sun tabbatar a 2006 cewa jawo abu daga ka ya fi sake karanta shi kafa shi a zuciya. Wanke allo bayan malam ya saurari hadda, da tishin abin da aka wuce, da tilawar dare da ta asuba, duk a kan waɗannan ƙa'idoji biyu suke tafiya, ko da yake babu wanda ya kira su da waɗannan sunaye. Akwai kuma alamar cewa irin wannan aiki yana barin sawu a jiki, domin binciken James Hartzell na 2016 a kan malaman Indiya 21 da suka haddace nassoshin Sanskirit ya samu ƙarin kauri a sassan harshe da tunawa, ko da yake hoton lokaci guda ba ya iya raba abin da horo ya kawo da abin da mutum ya zo da shi.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko ƙwarewar hadda tana tsallakawa zuwa wasu fannoni, kuma a nan amsar ba ta yi wa masu ɗoki daɗi ba. Sylvia Scribner da Michael Cole, a aikinsu na shekarun 1970 a tsakanin al'ummar Vai ta Laberiya, sun tarar da waɗanda suka yi makarantar allo sun fi wasu a gwajin da ake ƙara kalma ɗaya-ɗaya ana maimaita jerin daga farko, wato gwajin da ya yi kama da yadda ake biya karatu, amma fifikon bai bi su zuwa sauran gwaje-gwajen ba. Wani binciken da aka wallafa a 2020, wanda Alan Baddeley yake cikin marubutansa, shi ma bai samu shaidar cewa mahaddata sun fi sauran mutane riƙe sabbin abubuwan da ba su shafi Alƙur'ani ba. Wannan ba naƙasa ba ce ta tsangaya, ɗabi'ar ƙwaƙwalwa ce a ko'ina: a 2010 Adrian Owen ya gwada wasannin horar da ƙwaƙwalwa na kwamfuta a kan mutum 11,430 har mako shida, suka ƙware a wasannin, ba su ƙaru da komai ba a wajensu, kuma a 2016 hukumar kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin da ke da manhajar Lumosity ya biya dala miliyan 2 saboda tallar da ta wuce shaidarta.

Abin da wannan ke nufi ga batun juriya a fili yake. Wanda yake so a samu saurin farfaɗowa bayan ɓacin rai, to farfaɗowar ce zai sa a riƙa biyawa, ba lissafi ko hadda ba. Idan akwai abin da tsangaya take koyarwa da ya kusanci wannan, to shi ne sabon komawa kan allo bayan an kakare, da ganin mantuwa a matsayin matakin karatu maimakon ƙarshensa, kuma wannan hasashe ne da ya cancanci a gwada shi a tsangayun gundumar. Sai dai dole a faɗi ɗaya gefen: inda karatu ya dogara da bulala, almajiri kuma ya wuni yana neman abin da zai ci, to ana ɗora wa hifokamfas kaya ne da hannun dama ana raunana shi da na hagu, kuma gwanayen da suka fito daga irin wannan hali ba hujja ba ne, tunda ba a ƙirga waɗanda suka watse a hanya.

Haƙuri iri biyu

A laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa haƙuri cikin halaye goma da Hausawa ke auna mutum da su, tare da gaskiya da amana da kunya da sauransu, kuma babu kalmar da ta fi ta yawo a bakin mai ta'aziyya da mai jajen gobara da mai sasanta ma'aurata. Amma kalmar tana rufe ayyuka biyu da ƙwaƙwalwa ta bambanta. James Gross na Jami'ar Stanford ya nuna wa mutane fim mai tayar da hankali a 1998, ya umarci wasu da su ɓoye abin da suke ji kada ya fito a fuska, wasu kuma su sauya yadda suke kallon abin tun daga farko. Rukunin farko sun yi nasarar daidaita fuska, amma alamun tashin jiki sun ƙaru a gare su. Rukuni na biyu kuwa abin ya ragu musu a rai ba tare da jikin ya ƙara tashi ba. Hausa tana da sunan kowanne. Na farko shi ne haɗiyewa, wanda ake cewa abin yana cin mutum a ciki, na biyu kuma ya fi kusa da dangana, inda mutum ya ba abin da ya same shi wata ma'ana da zai iya zama da ita, ko ta jarrabawa ce, ko ta ajali, ko ta abin da ya wuce ba ya dawowa.

Bai kamata a ɗauki sakamakon Gross a kife shi a kan Mirriya yadda yake ba, domin shi da abokan aikinsa sun gano a 2007 cewa illar ɓoye damuwa ta fi sauƙi ga mutanen da suka tashi cikin al'adar da ke girmama kamewa. Matar da ta kame kukanta a gaban surukai ba lalle ne tana cutar kanta ba, muddin tana da ɗakin da za ta shiga ta yi shi, da ƙawa ko goggo da za ta saurare ta. Inda matsalar take shi ne haƙurin da babba ke ɗora wa ƙarami domin a rufe magana, irin wanda ake kira zaman haƙuri, wanda ba ya canza ma'anar komai kuma ba ya buɗe wata ƙofa. Wannan dauriya ce marar wa'adi, ita ce kuma ainihin yanayin da McEwen ya bayyana.

Ra'ayin cewa dangana abar koyo ce ba baƙo ba ne a zauren malamai. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya ba da shawara a littafinsa kan maslahar jiki da rai cewa mutum ya tanadi tunani masu kwantar da hankali tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo, Imam Gazali kuma, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi a Ihya'u kan horar da rai, inda ya kafa hujja cewa hali yana canzawa idan aka dinga tilasta wa kai aikinsa har ya zama jiki. Ma'aikacin lafiyar da ya san wannan ba ya buƙatar ya shigo da zaman tattara hankali a matsayin kayan waje, kuma zai fi samun kunnen liman da na mai gari.

Kwana dubu na farko

Duk abin da ya gabata ya ɗauka cewa akwai ƙwaƙwalwa lafiyayya da ke jiran horo, a Mirriya kuwa wannan ne ba a da tabbacinsa. Daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu kwana dubu ne, kuma a cikinsu ne ginin ya fi sauri: jariri yana zuwa da ƙwaƙwalwar da take wajen rubu'in ta babba, kafin ya cika shekara uku ta kai wajen kashi 80 cikin 100, a wajen shekara biyar kuma takan cinye fiye da kashi 40 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Ƙarancin sinadarin ƙarfe da na aidin, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da tamowa, duk suna cin wannan gini, kuma a jihar Damagaram, inda binciken abinci na ƙasa ya sha nuna cewa wajen rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tamowa da zazzaɓi sukan yi tashe a lokaci guda, daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka.

A nan ne Mirriya take da abin da za ta koya wa duniya, ta kuma riga ta koyar. A 2009 ƙungiyar BEFEN ta 'yan Nijar da ƙungiyar ALIMA suka fara aikin jinyar tamowa a gundumar, kuma a nan aka gwada ba uwaye ma'aunin damtse mai launi uku, wanda jansa ke nuna ƙasa da milimita 115, rawayarsa daga 115 zuwa 125, tsanwarsa kuma sama da haka. A binciken da aka wallafa a 2016 an horar da uwaye da masu reno sama da 12,000 a yankin Dogo, aka kwatanta su da ma'aikatan sa-kai na yankin Takeita, sai ya bayyana cewa uwayen ba su gaza ba, yaran da suka gano sun iso likita tun ciwon bai yi nisa ba, waɗanda aka kwantar sun fi ƙaranci, kuɗin da aka kashe ma ya fi sauƙi. Yawancin matan nan ba su yi lakol ba. Abin da ya sa horon ya kama shi ne ƙanƙanta ce da shi, ana iya maimaita shi kowane mako, mai yin sa kuma ita ce wadda abin ya fi damu.

Abinci kaɗai ba ya maido abin da tamowa ta ɗauka. A Kingston ta ƙasar Jamaika, daga 1986, Sally Grantham-McGregor ta raba yara 129 da suka tsumbure, masu wata 9 zuwa 24, gida huɗu: wasu aka ba su madara, wasu aka riƙa ziyartar uwayensu sa'a guda kowane mako har shekara biyu ana nuna musu yadda za su yi wasa da hira da yaran da kayan wasan da aka haɗa a gida, wasu suka samu duka biyun, wasu kuma kulawar asibiti kawai. Amfanin madarar ya dushe da tafiyar shekaru, na wasan bai dushe ba: bayan shekara ashirin waɗanda aka yi wa ziyarar sun fi sauran samun kuɗi da kimanin kashi 25 cikin 100, alamun baƙin ciki da shiga faɗa kuma sun fi ƙaranci a cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wasa da tarairaya cikin matakan jinyar tamowa mai tsanani tun a jagorarta ta 1999, amma shi ne matakin da ya fi saurin faɗuwa idan ɗakin jinya ya cika. Binciken Emmy Werner a tsibirin Kauai, wanda ya bi yara 698 da aka haifa a 1955, ya zo da makamancin wannan: kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tashi cikin mawuyacin hali sun girma lafiya lau, kuma abin da suka yi tarayya a kai shi ne samun aƙalla babba ɗaya da ya riƙe su da kulawa, ko da ba mahaifi ba ne.

Wannan magana ta ƙarshe tana da amfani na musamman a gidan Bahaushe. Kunyar ɗan fari takan hana uwa kiran sunan ɗanta ko yi masa wasa a gaban mutane, kuma shirin da ya tara matasan uwaye ya ce su riƙa tsalle-tsalle da 'ya'yansu a bainar jama'a zai ci karo da wannan tun ranar farko. Amma al'adar da ta ɗaure uwa ita ce ta sake kaka, wadda wasa da jika haƙƙinta ne har ta kira shi mijinta ko ta kira ta kishiyarta, ta kuma sake yayyen da ke goyo da masu tatsuniyar dare. Hanyar tana nan a buɗe. Abin da ya rage shi ne a san wa za a ba saƙon.

Manya, da lokacin da rumbu ya yi ƙasa

Ga baligi ma hankali yana da damina da rani. A binciken da Anandi Mani da abokan aikinta suka wallafa a 2013, an gwada manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya kafin girbi da bayansa, sai ga mutum ɗaya yana yin ƙasa a gwajin tunani lokacin da aljihunsa ya bushe, yana yin sama bayan an biya shi, kuma marubutan suka danganta hakan da yadda lissafin bashi ke mamaye hankali. Wasu bincike-binciken da suka biyo baya a wasu ƙasashe ba su samu tazarar da ta kai haka ba, amma ko da rabinta ce gaskiya, darasin da aka shirya wa magidanci a watan Agusta, yana tsakanin noma na biyu da bashin da zai biya da hatsi in kaka ta yi, ba daidai yake da wanda aka ba shi a Nuwamba ba.

Shaida mafi kusa da gida ta fito ne daga Nijar kanta. A gwajin da Thomas Bossuroy da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2022, matan da ke karɓar tallafin gwamnati na jika 10 a wata, a ƙauyuka sama da 300, an haɗa su a ƙungiyoyin asusu aka koya musu dabarun sana'a, sannan wasu aka ƙara musu jarin jika 80, wasu aka ƙara musu horon sanin darajar kai da tsara buri da warware matsala tare da nuna wa duk gari fim a tattauna a kansa, wasu kuma aka ba su duka. Dukkan rukunonin sun ci gaba a samu da kwanciyar hankali, amma rukunin horon tunani, wanda ya fi araha, shi ya fi mayar da riba gwargwadon abin da aka kashe. Ba za a ce horo ya maye gurbin kuɗi ba, tunda duk matan suna karɓar tallafin wata. Abin da za a ce shi ne an yi horon cikin taro, an kuma shigar da mazaje da shugabanni ciki, a kan turbar da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara suka share tun da aka fara su a jihar Maraɗi a 1991. A inda likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ƙalilan ne, mafi yawansu kuma a Yamai, misalin Zimbabuwe ma abin dubawa ne, inda Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti su bi mai damuwa zama shida suna rarrabe matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya, gwajin 2016 kuma ya nuna raguwar alamun damuwar ƙwarai.

Chibanda ya yi aiki ne da kalmar Shona mai nufin yawan tunani, wadda take da takwara a Hausa kai tsaye, kuma wannan ya kawo batun awo, wanda duk binciken da za a yi a Mirriya sai ya warware shi tukuna. Takardar tambayoyin da aka fassaro daga Faransanci, wadda ke tambayar mutum ko yana jin daɗin rayuwarsa, amsar gaisuwa za ta samu, domin wanda aka tambaya lafiya ba ya cewa babu, ko da a kan gadon asibiti yake. Tambayoyin da za su yi aiki su ne waɗanda ke bin sawun abin da ake gani: bayan rasuwar ko asarar, dare nawa aka yi kafin barci ya dawo, yaushe aka koma kasuwa ko lambu, an je bikin da aka gayyata ko an aika uzuri, zubin asusu ya tsaya ko bai tsaya ba. Kuma tunda mutum ɗaya yana iya ba da amsa biyu a shekara ɗaya, sai a tambayi mutanen nan dai sau biyu, a watan Agusta da kuma bayan an ɗaure dammuna, a rubuta ranar kowace amsa da yawan hatsin da ya rage a rumbu a ranar.